Wasiyya ko takardar wakilci: wacce ɗan gwagwarmaya zai fara yi?

Duk matashin da ke fita zanga-zanga ko yake rubutu mai zafi a Facebook da X, da ka ce masa ya shirya takardunsa sai ya yi dariya ya ce haba dai, ni da ko kangon fili ba ni da shi me zan rubuta a wasiyya. To mutuwa dai tana wuyan kowa, wannan ba musu, amma abin da aka fi gani yana samun 'yan gwagwarmaya a ƙasar nan ba ita ba ce, kamu ne. A ɗauke ka da daddare, a ƙwace wayarka a matsayin shaida, ka yi sati uku ko wata uku ba wanda ya san inda kake, alhali haya na jira, kuɗin makarantar ƙannenka na jira, kuma ɗan abin da ka tara yana kulle a cikin manhajar banki da ba mai iya buɗewa sai fuskarka. Mu tuna waɗanda aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 daga Kano da Kaduna da sauran wurare, sai 1 ga Nuwamba aka kawo mutum 76 gaban babbar kotun tarayya a Abuja, wasu yara har suna faɗuwa a gaban alƙali don yunwa, kuma aka sa belin kowanne naira miliyan 10. Wata uku kenan a tsare. A irin wannan halin wasiyya ba ta da wani amfani ko na sisi, don kana raye.

Nan ne bambancin farko yake kuma shi ne babba. Wasiyya ba ta fara aiki sai ranar da ka mutu, ita kuma takardar wakilci, wadda lauyoyi ke ce wa pawa of atoni, tana aiki ne kana raye kuma ranar da ka mutu ita ma ta mutu. Ba gasa suke yi ba, kowacce da lokacinta, shi ya sa in wani ya ce maka ai na ba yayana pawa of atoni saboda in na mutu ya kula da iyalina, to gaskiya bai yi komai ba, da rai ya fita wakilcin ya warware a fikihu da dokar boko duka, dukiya ta koma ta magada, kuma in yayan ya ci gaba da cire kuɗi da takardar nan ya shiga haƙƙin marayu ne kawai.

Bari in fara da wakilcin tunda ni a ganina shi ya fi gaggawa. Takarda ce da kake cewa na wakilta wane ya yi kaza da kaza da sunana, kuma ƙarfinta da haɗarinta duk suna cikin wannan kaza da kazan. Akwai na gaba ɗaya, wato ya yi duk abin da kai za ka iya yi, ya sayar ya saya ya ci bashi ya sa hannu, akwai kuma taƙaitacce wanda aka lissafa abubuwan ɗaya bayan ɗaya. Dan Allah kar ka ba kowa na gaba ɗaya, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke, ba don ba ka yarda da shi ba sai don kai za ka fito daga tsare wata rana kuma za ka so ka tarar da babur ɗinka da zumuncinku duka biyu. Rubuta abin da ake bukata kawai: ya ɗauki lauya da sunanka ya biya shi, ya cire kuɗi daga asusu kaza kar ya wuce adadi kaza a wata, ya biya haya da kuɗin makaranta, ya karɓi albashi ko kuɗin kwangilar da kake bi, ya yi magana da makarantarku ko wajen aikinka a dakatar maka da zango kafin a ce ka gudu. Sa mata ranar ƙarewa, misali shekara ɗaya, in ta ƙare ka sabunta. Kuma ka guji irin wadda ake rubuta cewa ba a janye ta, irin wadda dillalan filaye ke amfani da ita wajen ciniki, wannan ba taka ba ce, kai kana son wadda za ka soke da takarda ɗaya ranar da ka ga dama, sai dai in ka soke ka sanar da banki a rubuce, in ba haka ba su a wajensu tana nan da ranta.

Ta ɓangaren ƙa'ida, a sa hannu a gaban notari, wato lauyan da aka ba ikon tabbatar da takardu, ko majistare ko alƙali, don dokar shaida ta 2011 ta ce wadda aka yi a gaban irin waɗannan kotu za ta ɗauka sahihiya ce sai an kawo hujjar akasin haka, ka ga ka rage wa wakilinka wahalar rantse-rantse. In akwai fili ko gida a ciki to maganar ta ƙara nauyi, sai an buga mata hatimin haraji an yi rajista a ofishin filaye, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, kuma Kotun Ƙoli ta riga ta ce a shari'ar Ude da Nwara ta 1993 takardar wakilci ba ta mayar da mallaka, izini ne kawai. Sannan banki, wlh nan ne mutane ke shan mamaki, ka zo da takarda mai jan hatimi su ce sai sashen lauyoyinsu ya duba, sai sun kira mai asusun sun tabbatar, mai asusun da ke sel ba waya. Ba a fafe gora ranar tafiya, ka ɗauki wakilin naka ku je reshenku tun yanzu, ku cike fom ɗin su na ƙarin mai sa hannu, a ɗauki hotonsa da BVN ɗinsa kana tsaye. Kuma wannan sai bankin da ke da reshe da manaja da za a iya zama a gabansa, irin su OPay da PalmPay da Moniepoint suna da daɗin tura kuɗi amma komai nasu a ɗaure yake da wayarka da layinka, in waya na hannun 'yan sanda shikenan.

To ina raunin wakilci? Na farko wakili ba ya iya abin da kai ba za ka iya ba. A Nuwamban 2020 Babban Bankin Najeriya ya samu umarnin kotu aka rufe asusu 20 na masu alaƙa da EndSARS, ba a buɗe ba sai Fabrairun 2021, a irin wannan ko wakili goma gare ka ba mai cire kobo, kuma kar ma wani ya yi tunanin amfani da wakili ya kwashe kuɗi bayan kotu ta ba da umarni, sabon laifi ne ka jawo wa bawan Allah. Na biyu, in hankalinka ya gushe, misali an harbe ka ko an yi maka dukan da ka daɗe a sume, wakilci na yau da kullum yana raunana a daidai lokacin da aka fi bukatarsa, don asalin ƙa'idar ita ce wakili na aiki ne da yardar mai hankali. A Ingila sun yi dokar 2005 da ta kawo wakilci mai ɗorewa saboda irin wannan, a Amurka ma akwai nasu, shi ya sa fom ɗin da ake saukewa daga intanet suke cike da alƙawuran da ba lallai wani banki a Zariya ya kula su ba, kar ka kwafo, je ka wajen lauyan nan gida. (Tunda an zo maganar harbi, dokar 2017 ta wajabta wa asibiti ya karɓi mai raunin bindiga ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, ya kamata wanda zai tsaya maka ya san wannan.) Na uku kuma shi ne zaɓen mutum. Kar ka wakilta abokin gwagwarmayarka komai amincinku, mota ɗaya za a zuba ku. Nemi wanda ba ruwansa da siyasa, ko yayarka malamar makaranta ko kawunka ɗan kasuwa, mai haƙurin bin layi da iya magana da jami'ai ba tare da ya hau sama ba, kuma ka gaya masa gaskiyar abin da kake yi kafin ya sa hannu don ana iya kiransa a yi masa tambayoyi.

Yanzu wasiyya. Ga Musulmi akwai abin da ke rage mata gaggawa ta fuskar rabo, wato Alƙur'ani ya riga ya raba, mata na da tumuni in akwai 'ya'ya, rubu'i in babu, uwa da uba da 'ya'ya kowa da kasonsa, ko ka rubuta ko ba ka rubuta ba alƙali zai raba haka. Abin da ke hannunka sulusi ne kawai kamar yadda ya zo a hadisin Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas, shi ma bayan an cire kuɗin jana'iza an biya bashi, kuma ba a yi wa magaji wasiyya sai in sauran magada sun yarda. Mutane da yawa daga nan suke cewa to ai ba sai na rubuta ba. Ni kuwa ina ganin matashi ya fi dattijo bukatar sulusin nan, ga dalili. Ɗauki saurayi mara aure, iyayensa biyu na raye, shi ke biya wa ƙannensa uku kuɗin makaranta. In ya rasu uwa ta ɗauki sudusi tunda yana da 'yan uwa, uba ya kwashe sauran, ƙannen nan ba su da komai don uba ya katange su. Tunda ba magada ba ne, halas ne ya yi musu wasiyya da sulusi, ya ce a ajiye don karatunsu, musamman a gidan da uba ke da wasu matan da wasu 'ya'yan kuma kowa ya san yadda abin ke ƙarewa. Haka yarinyar da aka sa muku rana ba a ɗaura ba, haka ɗan riƙo, haka ƙungiyar da ka ba rayuwarka, duk ba su da gado sai ta wasiyya. Sai dai a lura, ranar mutuwa ake duba wane ne magaji ba ranar rubutu ba, in uban ya riga ka rasuwa kuma ba ka da ɗa namiji ƙannen sun zama magada, lissafin ya canza, sai a sake takarda.

Amma ko ba ka da abin da za a cire wa sulusi, rabin amfanin wasiyya ba rabo ba ne, bayani ne. Wa kake bi, wa ke binka, adashin da ka ɗauka ba ka gama zubi ba, kwamfutar da ke ɗakinka ta ƙungiya ce ba taka ba, kuma uwa uba kuɗin jama'a. Wannan ita ce cutar 'yan gwagwarmaya, a buɗe gidauniyar belin wani ko maganin wani a tara a asusun mutum ɗaya don shi aka yarda da shi, ranar da ya faɗi kuɗin nan a idon banki da kotu nasa ne, za su shiga tarika, magada kuma ba su da laifi in suka raba tunda ba wanda ya gaya musu. Hadisin Ibn Umar da ke cewa kar Musulmi ya kwana biyu yana da abin wasiyya ba tare da tana rubuce a wajensa ba, malamai na ƙarfafa shi ne musamman kan mai bashi da mai riƙe da amana, kuma ma'ajin gidauniya ai shi ne wannan. Maganin gaskiya ma ba wasiyya ba ne, a yi wa ƙungiya rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a matsayin amintattu, a buɗe asusu da sunanta, masu sa hannu uku kowane biyu su iya cirewa, kuma kar ukun su zama masu fita sahun gaba rana ɗaya. In kana da yara ƙanana, a wasiyya ne kake naɗa wasiyyi wanda zai riƙe musu dukiyarsu har su yi hankali, in ba ka naɗa ba sai wanda dangi ko alƙali suka ga dama.

Wajen rubutawa akwai hanya biyu. Ta Musulunci mai sauƙi ce, ka rubuta, adilai biyu su shaida, kuma a mazhabar Malikiyya ko yaro mai wayo wasiyyarsa na inganta. Ta boko kuwa, a jihohin da har yanzu ke kan dokar Ingila ta 1837, sai ka kai shekara 21, wasu jihohin kamar Legas sun sauke zuwa 18, shaidu biyu su kasance tare a lokaci guda kana sa hannu, kuma wanda ya yi shaida ko matarsa ko mijinta ba za su ci abin da aka rubuta musu ba, wannan kuskuren na kashe wasiyya da yawa. A 1971 a shari'ar Adesubokan da Yinusa Kotun Ƙoli ta ce Musulmin da ya rubuta a ƙarƙashin waccan dokar yana iya saɓa wa rabon Malikiyya, daga baya jihohi irin su Kaduna da Kwara suka yi nasu dokokin da suka toshe wannan ƙofa. Shawarata ga Musulmi, ka rubuta a fili cewa a raba tarikata bisa shari'ar Musulunci, sannan ka cika sharuɗɗan shaidun boko ɗin ma, ka ga ta tsaya a kowace kotu. Ga 'yan uwanmu Kirista kuwa lissafin ya juya, su wasiyya ta fi nauyi sosai don ba wani kaso da aka yanka musu tun farko wanda dangi ke jin tsoron taɓawa, in ba takarda sai a shiga jayayyar wace doka ce za ta yi aiki, ta al'ada ko ta auren rajista, kuma matar da 'ya'ya mata su suka fi shan wuya.

Sai nes of kin da ake cikewa a fom, wanda mutane ke ɗauka sun gama komai. Ba magaji ba ne, ba wakili ba ne, mutumin da za a kira ne kawai. Banki ba zai ba shi kuɗinka ba kana raye, in ka mutu ma sai ya kawo takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga babbar kotu ko umarnin kotun da ta raba gadon, kamfanin fansho ma haka. Amfaninsa ɗaya, ka tabbata lambar da ke jiki tana aiki kuma mutumin na raye, wasu har yau sunan da suka sa tun suna aji ɗaya a jami'a ne.

Akwai wani rami a tsakiya da wasiyya da wakilci duk ba sa rufewa da kyau, shi ne ɓata. Abubakar Idris Dadiyata, malami a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, an ɗauke shi a gidansa na Barnawa a Kaduna a farkon Agustan 2019, shekaru suka yi ta wucewa ba labari. Wanda ya ɓata ba a ce ya mutu ba balle a buɗe wasiyya, wakilcin da ya bari kuma wa'adinsa zai ƙare ko banki ya fara ɗari-ɗari. Dokar shaida sai an shekara 7 ba a ji ɗuriyar mutum ba kafin kotu ta ɗauka ya mutu. A fikihun Malikiyya matar mafƙudi, wato wanda ya ɓata, takan kai ƙara, a bincika, a yanka mata shekara 4 sannan ta yi takaba, in kuma bai bar abin ciyarwa ba tana iya neman a raba auren tun kafin nan, amma dukiyarsa littafin Risala ya ce ba a gadonta sai an kai lokacin da irinsa ba ya rayuwa, wanda malamai suka ƙiyasta da shekara 70 zuwa 80 na haihuwa. Ka duba ɗan shekara 30 ka yi lissafi.

Abin da ke rufe wannan ramin shi ne kyauta tun kana nan, kuma ita ce ta uku a wannan kwatancen duk da ba a cika kawo ta ba. Abin da ka ba matarka ko mahaifiyarka ya zama nasu, ba ruwansa da kamunka ko rufe asusunka ko ɓatanka, ba ta da iyakar sulusi in kana da lafiya, kuma ana yi wa magaji. Sharaɗinta a Malikiyya hauzi, wato wanda aka ba ya karɓa a hannunsa kafin mai bayarwa ya mutu ko ya kwanta ciwon ajali, in ka ce na ba ki keken ɗinki ko shago amma makulli da takarda na aljihunka har ka mutu, kyautar ta ɓaci ta koma gado. Illarta a bayyane take, abin da ka bayar ya tafi, in aure ya mutu ba ka da bakin magana, uba ne da uwa kawai ke iya janye kyautar da suka yi wa ɗansu shi ma da sharuɗɗa, kuma in 'ya'ya ne sai ka daidaita tsakaninsu saboda hadisin Nu'uman ɗan Bashir. Don haka ba duka za ka bayar ba, kuɗin cefanen wata uku ko shida a asusun da ke da sunanta da layinta ita kaɗai ya isa ya canza komai a satin farko, satin da kowa ke gudu tsakanin caji ofis da ofishin lauya.

Waya kuma, tunda rabin dukiyar matashin yanzu tana ciki. Kar ka rubuta lambobin sirri a wasiyya don in ta je kotu idanu da yawa za su gani, kar kuma ka ba wakili duka don abin da bai sani ba ba za a matse shi ya faɗa ba. Google na da tsarin da in asusunka ya yi wata 3 ko 6 ko 12 ko 18 ba motsi zai tura wa mutanen da ka zaɓa abin da ka zaɓa, Facebook da Apple suna barin ka naɗa wanda zai kula bayan mutuwa. Kirifto kuwa ba kotun da za ta buɗe shi, kalmomin sirrin nan 12 ko 24 da ke buɗe asusun in sun tafi da kai sun tafi, rubuta su a takarda ka raba gida biyu wajen mutum biyu da ba sa zama tare. Layin da lambar OTP ke shigowa, in ya daɗe ba a amfani da shi kamfani na sayar wa wani, to ka raba layin banki da layin gwagwarmaya, na bankin ya zauna a gida a ƙaramar waya ana sa masa kati.

In kuɗin lauya ɗaya gare ka a wannan watan, ni dai zan ce ka kashe shi a kan taƙaitaccen wakilci da zuwa banki, don shi ne ya fi bukatar lauya da hatimi kuma shi ne ba za ka samu damar yi ba in an riga an rufe ka a inda ko lauya ba a bari ya shiga. Wasiyyar Musulunci kana iya rubuta ta yau bayan isha'i da biro da shaidu biyu daga masallacin unguwa, daga baya lauya ya gyara. In kai Kirista ne mai mata da yara, ko kana da fili da sunanka, to a haɗa biyun a zama ɗaya a yi ciniki. Wanda ba shi da ko na lauyan ya leƙa ofishin Legal Aid na jiharsu ko reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA, mata kuma akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ya tambaya ko akwai mai yi kyauta. Kowace takarda a yi kwafi uku, ɗaya wajen lauya, ɗaya wajen wakili, ɗaya wajen wani dattijo a dangi, kar a bar ko ɗaya a ɗakinka don nan ake fara bincikewa.